Randar Kawu da Kwalbar Ɗansa

Wanda ya ba mu aron Kawu ya karɓi abinsa, wata Talata da hantsi, a tsakiyar bazarar da ta wuce. Gare shi duk za mu koma. An yi masa sutura, an kai shi kafin la'asar. Ni 'yar ƙanwarsa ce, a gidansa da ke unguwar Hashimi na tashi, kuma ba don in sa kowa kuka na zauna rubutun nan ba. Abin da idona ya gane min a zaman makokinsa ne ya tsaya min a wuya, ya ƙi wucewa.

Kun san yadda ake yi a nan. A kafa kanofi a ƙofar gida, a shimfiɗa tabarmi, a jera kujerun roba, a jibge buhunan fiyawata a gefe. To, a makokin Kawu ba fiyawata aka raba ba. Wasu 'yan kwalaben roba ne, ruwan cikinsu ja-ja kamar zoɓon da aka tsinka, an ciko kuloli da su. Babban ɗan Kawu, taubashina, shi ke bin mutane da kansa yana miƙa musu, idonsa a bushe ƙamas. Na kawo kwanukan abinci bakin zaure ke nan na ji shi yana cewa:

"Bismilla, Alhaji, ku sha. Ruwan gilisarin ne, sirrin Baba ke nan. Da shi ya kai shekarun nan yana gudu. Kwalba ɗaya, ka manta da ƙishi."

Kuma suka sha! Mutanen da in za su sayi katin waya a tsallaken titi sai sun tsayar da acaɓa, su ne suka miƙe ƙafa a tabarma suna ɗaɗɗakar abin da aka ce na masu gudun dogon zango ne. Wani mai tumbi, ɗan haya a layinmu da ke aiki a Abuja, ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce wallahi har ya ji ƙarfi ya shige shi. Ƙarfin me, bawan Allah? Tun safe kake zaune, kujerar da ke ƙarƙashinka ta fi ka gajiya.

Sai kuma yabo. Mai shagon kwanar gidanmu, wanda ya raɗa wa Kawu suna "Mai duban fitsari" har yara suka ɗauka, shi ne ya fi kowa ɗaga murya wai an yi rashin uban kowa. Wani ya ce marigayi ba shi da abokin faɗa. Ƙarya! Kawu ya yi faɗa da rabin unguwar nan, ragowar rabin ma don suna kauce masa ne. Da mamaci na jin yabon da ake masa, da ya yi tsakin nan nasa mai tsawo wanda ke sa kaji watsewa.

Mutum biyu kaɗai na ga ba su sha ba. Liman ya buɗe, ya shinshina, ya rufe, ya ce a taimaka masa da ruwa. Sai maƙwabcinmu malamin makaranta, mutumin Filato, Kirista, wanda ya yi shekaru yana fita sassarfa da Kawu ranakun Asabar. Ya tura kwalbar ƙarƙashin kujera da diddige, yana ta share hanci da hankici. Da na zo ɗaukar kwano a gabansa ya ce da ni ƙasa-ƙasa, da Hausarsa mai nauyi, "Madam, in da Baba zai tashi yanzu, ni da ke mun san inda kulolin nan za su tafi." Na ce na sani. A lambatu za su ƙare, inda 'yan uwansu suka taɓa ƙarewa.

Ranar sadakar uku taubashin nawa ya shigo cikin gida ya yafuto ni. Wasan taubasantaka bai bar bakinsa ba ko a makoki.

"Baiwar gidanmu, zo ki yi wa ubangidanki aiki."

"Faɗi, ina jin ka."

"Hoton nan na Baba da ke ɗakin Inna, na lokacin samartaka, yana sanye da singileti. Shi nake so ki karɓo min. Mai buga sitika yana jira. Fuskar Baba za a manna a jikin kowace kwalba, daga nan har Kaduna a san shi. Sunansa ba zai mutu ba."

Dalilin da ya sa bai tambayi uwarsa da kansa ba, shi ne ɗan fari. Inna, matar Kawu, irin mutanen da ce. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ko abinci za ta ba shi sai ta ce da wani, "Miƙa wa yaron can." Tunda na yi wayo ban taɓa ganin ta haɗa ido da shi ba. Don haka ni ce 'yar aike. Na ce masa zan faɗa mata, na kuwa faɗa. Tana jan carbinta ta ce a bari sai an yi bakwai.

Abin da ke gabanmu ke nan. Ko fuskar Kawu ta hau kwalbar nan, a yi ta yawo da ita tasha-tasha tana faɗa wa 'ya'yan mutane cewa ba sai sun sha ruwa ba, ko ta zauna a bangon matarsa. Wanda bai san Kawu ba zai ce meye a ciki, hoto ne kawai. Shi ya sa zan faɗi ko wane ne shi.

Malamin wasanni ne a sakandare har ya yi ritaya, bayan ritayar ma bai zauna ba. Duk saurayin da ke shirin gudun ɗaukar soja ko ɗan sanda a wannan yanki, da duk ɗalibin da makaranta za ta tura gasa, ƙofar gidanmu yake sallama bayan sallar asuba. Siriri ne, dogo, ƙwaurinsa duk jijiya, ga usur a wuya ko da babbar riga ya sa. Ba shi da daɗin baki ko kaɗan. Kafin a fita sai ya tsayar da kowa ya tambaye shi, da ƙarfi, a gaban jama'a, "Kai, wane kala ne yau?" Fitsarin safe yake nufi. In ka ce ya yi kalar shayi, ranar ba ka da gudu, ka koma gida ka yi ta shan ruwa. In ya yi haske, bismilla. Ya taɓa yi wa wani magidanci mai mata da 'ya'ya tambayar nan a ƙofar masallaci, mutumin bai ƙara gaishe shi ba har suka rabu duniya.

Akwai mai sayar da hatsi a bakin kasuwa da ke da sikelin auna buhuna. Kawu ya lallaɓa shi har ya yarda. Kafin gudu kowa ya hau a auna shi, bayan gudu a sake. "Abin da ya ragu ba kitse ba ne, kada ka yi murna," haka yake cewa. "Ruwa ne ya fita. Mayar da shi." 'Yan kasuwa su taru suna dariya, wai tsoho ya mai da 'ya'yan mutane buhunan masara. Ko a jikinsa.

Ni sunan mahaifiyarsa na ci, don haka "Uwata" yake kira na, amma uwar ba ta tsira ba. Ina aji uku ya cire ni daga gasar da kowa ya san ni zan ci, saboda ya ga leɓena a bushe. Na yi kuka, na roƙe shi, shugabar makaranta ta sa baki, ya ce ko gwamna ne ya zo ba zan taka filin nan ba. Daga baya ya gano abin da ke hana mu 'yan mata shan ruwa kafin atisaye. Filin fili ne fetal, ba makewayi, ga maza ko'ina, wa za ta sha ruwa ta rasa inda za ta tsuguna? Wata safiya muka zo muka tarar da zana a kafe a bayan bishiyar dalbejiya, an kewaye, an ajiye buta. Hannunsa duk ƙaya. Ya hura usur ya ce, "Yau kuma sai in ji uzurin wata." Yanzu ni ma malamar wasanni ce a firamare, kuma abu na farko da na fara faɗa a kansa da na kama aiki shi ne makewayin 'yan mata.

Sai randa. Duk wanda ke bin hanyar Sabon Wuse ya san ta, a gindin wani tsohon mangwaro, an binne gindinta a yashi, da faifai a kai, da moɗa ɗaure da sarƙa saboda an sace masa moɗa ya fi a ƙirga. Kawu ke cika ta. Da can a keke yake ɗaura jarkoki, da ƙarfi ya ja baya ya koma babur. Manoma su sha, makiyaya su sha, direban da motarsa ta lalace ya sha, 'yan gudunsa kuwa dole ne. Wanda ya wuce randar bai tsaya ba, gobe kada ya zo. Mota ta taɓa bi ta kanta, ya sayi wata. Yara sun taɓa jefa mata mushen ƙadangare, ya wanke ya sake cikawa, yana zagin iyayensu ɗaya bayan ɗaya.

Tarihin randar ba sirri ba ne a gidanmu. Inna ta ba ni shi muna tsintar shinkafa, kuma taubashina ya ji shi sau da yawa fiye da ni. A zamanin samartakarsu, wanda ya tsaya shan ruwa a tsakiyar gudu rago ne. Manya ke faɗa musu ruwa yana sa nauyi, yana sa ciwon gefen ciki, sai dai a tsotsi lemon tsami a tofar. Kawu yana da amini, yayan Inna, tare suke komai. Aka shirya gudu daga nan zuwa Sabon Wuse, a bazara, kuma ba a tashi da wuri ba saboda ana jiran wani babba ya zo ya ɗaga tuta. Mai hoto ya ɗauke su a wurin tashi, su biyu, kowa da singileti da gajeren wando, Kawu ya dafa kafaɗar abokinsa, suna dariya. Hoton da ke bangon Inna ke nan.

Da suka kai gindin mangwaron, wata tsohuwa 'yar Gbagyi ta sauke itacenta tana hutawa, da goran ruwa a gefenta. Kawu ya ji harshensa ya manne. Ya tsaya ya roƙe ta, ya kafa kai. Waɗanda ke wucewa suka yi masa ihu. Ya ƙwala wa amininsa kira ya zo ya kurɓa, shi kuma ya waiwayo, ya yi dariya, ya kaɗa hannu, ya ƙara wuta. Shi ne a gaba. Can gaba Kawu ya tarar da shi a kwance a bakin hanya, jikinsa zafi zau, ba ko ɗigon gumi, yana sambatu. Kafin a sami motar da za ta kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Kawu bai ƙarasa gudun ba, bai kuma ƙara shiga wata gasa ba. Bayan shekaru ya auri ƙanwar mamacin, ya kafa randa a inda tsohuwar ta zauna.

To, ga mutumin da ake so a manna fuskarsa a kan "ka manta da ƙishi".

Kada a ce Kawu ƙin sabon abu yake, kamar yadda ɗansa ke yaɗawa tun kafin Kawu ya rasu. Ta wurin Kawu maganar gilisarin ta fara shigowa gidan. Mu dai mata mun san shi a matsayin abin da ake zubawa a man shafawa don kada ƙafa ta yi kaushi. Wani tsohon ɗalibinsa da ya yi nisa a harkar gudu ya kawo masa ziyara da kwalba ɗaya, mai tsabta, irin wanda ake sa wa a abinci da magani, ba na shafawa mai turare ba. Ya yi masa bayani cewa wasu masu dogon gudu da masu tseren keke suna haɗa kaɗan da ruwa mai yawa su sha tun kafin a fita, sai jiki ya riƙe ruwan, ba ya saurin fita ta fitsari. Ya ce har an taɓa hana shi a manyan gasanni, daga baya aka janye. Kawu ya saurara, ya juya kwalbar a hannu, ya ce, "Abin da bai shiga cikina ba, ba ya shiga cikin ɗan kowa."

Ya kuwa gwada. Ya dama a babban jug, ya zauna a kan turmi yana kurɓa a hankali, fuskarsa a yamutse don zaƙin ya yi masa yawa. Ya jira, ya hau sikeli, ya kama hanyar Garam, ya dawo, ya sake hawa. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, wata rana da shi, wata rana da ruwa zalla. Inna tana ta mita wai tsoho zai kashe kansa. Ranar da ya gama na tambaye shi me ya gani.

"Uwata, yana aiki, amma ba kamar yadda ake zuzuta shi ba. Ruwan ya fi zama a jiki, wannan gaskiya ne. Gudun kuwa wata rana na ji sauƙi, wata rana ban ji komai ba. Kaina ya sara, cikina ya kumbura." Ya nuna randar tsakar gida da haɓa. "Jiki kamar wannan yake, girma kawai abin ke ɗan ƙara mata. In ba ki zuba ruwa ba, ko ta kai ɗaki girma, me za ki sha?"

Daga nan ya kafa dokarsa. Manya kaɗai, masu nisan zango, a tsananin zafi. Sai da ruwa mai yawa. Sai an gwada a atisaye, ba a fara shi ranar gasa. Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon ƙoda ko yawan ciwon kai, kada ma ya kalle shi sai ya ga likita. Kuma ko ka sha, in ka zo randa sai ka tsaya. A cikin duk yaran da ya horar, waɗanda ya yarje wa ba su cika hannu ɗaya ba.

Taubashina yana gefe yana ji. Daga duk bayanin nan abu ɗaya ya shiga kunnensa, wato jiki na riƙe ruwa. Shi dama tun yana yaro bai taɓa kaiwa randar gindin mangwaro da ƙafarsa ba. Ya yi sayar da turare, ya yi dillancin fili, ya yi wata harkar waya da har yau ba a gane kanta ba. Sai ga shi da galan-galan na gilisarin, Allah kaɗai ya san daga ina, da kalar zoɓo ta gari, da suga, da ɗan ɗaki a bayan kasuwa. Ya ɗura a ƙananan kwalabe. Ruwan da ke ciki bai isa kurkure baki ba, amma abin da ake gaya wa masu saye shi ne in ka sha ɗaya ba ka buƙatar ruwa sai ka dawo. Ya bi samarin da ke shirin ɗaukar aiki yana cewa haɗin Baba ne.

Kawu bai sani ba sai ranar da ya je cika randa ya tarar da taro. Wani saurayi ne, ƙanin wata 'yar haya a layinmu, ba ma ɗalibinsa ba. Ya sha kwalba biyu don ya ninka ƙarfin, ya fita da rana tsaka, ya wuce randar bai tsaya ba, ya faɗi ɗan gaba kaɗan, yana amai yana riƙe da kai. Kawu, da shekarunsa, ya ja shi inuwa, ya yage masa riga, ya juye masa jarkokin duka, ya sa makiyaya suna fifita shi da malafa, ya tsare wata motar itace da jikinsa, aka kai yaron asibiti. Yaron ya rayu. A aljihunsa aka ga kwalbar.

Ina gidan lokacin da Kawu ya dawo. Bai shiga ciki ba. Ya wuce shagon zaure inda ɗansa ya jibge kaya, ya dinga fito da katan-katan, yana buɗe kwalba yana tuttulewa a lambatu. In murfi ya ƙi buɗuwa sai ya sa haƙori. Lambatun ya yi ja har kwanar layi. Unguwa ta taru. Kun san bayan wa suka bi? Mai shago ya ce tsoho yana tauye arzikin ɗansa. Mai tumbin nan ya ce a Abuja irin wannan ake kira basira. Ƙanin Kawu, wanda muke kira Baffa, ya riƙe masa hannu yana cewa, "Yaya, ka bar yaro ya nemi na kansa." Malamin nan mutumin Filato ne kaɗai ya tsuguna yana taya shi buɗe murafe.

Taubashina ya iso a guje, karo na farko da na ga ya yi gudu.

"Baba, jarina ne fa! Kai ma kana sha!"

"Da ruwa nake sha, shashasha. Da jug. Kai kuma ka ce musu kada su sha ruwa, da sunana." Ya miƙe, yana haki. "Na taɓa ɗaukar gawa a hanyar nan. Muddin ina numfashi ba za a sa sunana a ƙaryar nan ba."

Ɗan nasa ya dube shi sama da ƙasa, ya kaɗe rigarsa, ya ce, "To, zan jira."

A gaban mutane ya faɗa. Na ji da kunnena, Baffa ya ji, mai shago ya ji. Ya kuma jira ɗin. Ya koma Madalla da harkarsa, yana sayarwa ba suna ba hoto, ba ya zuwa gida sai da salla. Da Kawu ya kwanta ciwo ya fara leƙowa da lemo a leda, yana zama yana kallon bango.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Bakinsa bai mutu ba har ƙarshe, ya kori wata nas wai ba ta iya neman jijiya ba. Rana ta ƙarshe da na same shi da hankalinsa, na ɗaga kansa ina ba shi ruwa a cokali. Ya haɗiye da ƙyar, ya ce, "Uwata, wa ya kai?" Na ce wa ya kai me? Ya harare ni, hararar nan ta filin wasa. Na ce malam maƙwabci ya kai da safe, randa a cike take. Ya ce a duba sarƙar moɗa, ta fara tsatsa. Ba wasiyyar gida, ba ta gona. Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan.

Ranar bakwai, bayan an shafa fatiha an watse, taubashina ya shigo da Baffa a gaba, ya zo masa roƙo. Suka tsaya a bakin ƙofar Inna, labule a sake, tana ciki tana takaba, ni ina gefenta. Baffa ya gyara murya.

"Yaron nan raya sunan ubansa yake so ya yi. Abin da ya wuce ya wuce. Marigayi mutum ne mai zafi, amma da ya daɗe da ya sauko. A ba shi hoton, albarka ce."

Inna ta ce da ni, "Sauko da shi." Na tsaya ina kallon ta, ta ce, "Ba ki ji ba?" Na hau kujera na ciro shi daga ƙusa. Ta juya shi, ta ɓalle ƙusoshin baya da farce, ta zaro hoton daga gilashi. Ya yi ruwan ƙasa, gefensa ya ci. Wallahi a lokacin na raina ta, na ce a raina ashe ita ma uwa ce kawai, ɗa ya fi miji.

"Tambayi yaron can me za a rubuta a ƙasa."

Ban ma buɗe baki ba ya amsa daga waje, cike da murna. "Gudu ba ruwa, ba ƙishi. Da manyan baƙaƙe."

"Tambaye shi, ɗayan mutumin fa?"

"Wannan ba matsala. Kwamfuta za ta goge shi, ko alama ba za a gani ba."

Inna ta ce ba sai an wahalar da kwamfuta ba. Ta jawo gwangwanin ɗinkinta, ta ɗauki almakashi, ta raba hoton biyu daga ƙasa zuwa sama, a tsanake, kamar tana yanka wuyan riga. Rabin da ke da Kawu ta tura ƙarƙashin filo. Sai ta dafa gwiwa ta miƙe, ta je ta ɗaga labulen da hannunta. Baffa ya ja da baya. Ta dubi ɗanta na fari a tsakiyar ido, abin da ban taɓa gani ba, na kuma tabbata shi ma bai taɓa gani ba.

"Kai. Buɗe hannunka."

Ya buɗe. Ta sa masa ɗaya rabin.

"Ubanka ya sha ruwa. Ya tsaya ya roƙi tsohuwa ya sha, aka yi masa ihu, ya rayu ya haife ka. Wanda ya yi gudu ba ruwa, ga shi nan. Yayana ne, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Shi za ka manna a kwalbarka. Duk wanda ya tambaye ka ina ya ƙarasa, ka turo shi wurina, ni na ga lokacin da aka shigo da shi."

Ta saki labule, ta dawo ta zauna, ta ɗauki carbinta. Ta gefen labulen na hango shi a tsaye, yana kallon tafinsa. Saurayi ne a ciki yana dariya, a kafaɗarsa kuma akwai hannu, yatsu huɗu da agogon roba, hannun Kawu da almakashi ya bari a can. Baffa ya nemi takalmansa ya fita ba sallama.

Ba zan yi muku ƙarya in ce taubashina ya tuba ba. Kwalabensa suna nan a tashar Madalla, na gan su da idona, ya manna musu hoton wani ƙato mai ƙwanji da ya samo a waya. Masu yabon makoki ma suna nan, sun koma ƙarƙashin inuwarsu, ba wanda ya taɓa tambaya ko randa na da ruwa. Ni da malam maƙwabci muke karɓa-karɓa wajen cika ta, shi ranakun aiki, ni Asabar da Lahadi, na kuma sauya sarƙar. Rabin hoton Kawu ya koma gilashinsa a bangon Inna, da hannu ɗaya a miƙe zuwa inda babu kowa.

Allah ya gafarta wa Kawu zafin bakinsa, ya haɗa shi da amininsa a inuwar da ba rana. Allah ya shayar da su daga tafkin Manzonsa, shan da ba a ƙara jin ƙishi bayansa. Wannan kaɗai ne ruwan da na yarda ana sha sau ɗaya a manta, kuma ba a ɗura shi a kwalba.